Kaka a Duwatsun Kolorado

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili.

A ƙarshen Satumba ganyen itatuwa a duwatsun Kolorado, ƙasar Amurka, yakan koma ruwan zinariya. Jama'a kan hau hanyar mota da ta kai ƙafa 12,183 bisa teku, su yi kallo, su ji kukan elk, dabba mai kama da gwanki, sai dai ƙahon namijin rassa gare shi.

Abin da ya tsaya mini a rai, mafarauta sun kusa ƙarar da ita a can. A 1913 da 1914 aka kawo 49 daga Yelosuton, a 1915 aka killace dajin. Ba don haka ba, da yau ganye kaɗai za a gani. 'Yan'uwa, dawa amana ce.

Wassalam,
Mai karatunku