Yadda Ƙanena Ya Sami Bakin Magana

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da kufan Alkalawa, a ƙasar Sabon Birni, bakin Gulbin Rima. Duk wanda ya karanta tarihi ya san Alkalawa ita ce babban birnin Gobir a da, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci ta. Labarin da nake so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na wani ɗan ƙaramin Bagobiri ne, wato ƙanena wanda muke kira Auta, da irin yaƙin da ya yi kafin ya iya shiga makaranta.

A shekarar 2021 'yan bindiga suka matsa wa ƙasarmu, daga Sabon Birni har Isa. Gonakin da ke nesa da gari aka bar su, rumbunmu bai yi rabi ba. A ƙarshen wannan shekara baƙon dauro ya kama Auta, yana da shekara 4. Bayan ya tashi sai dasashinsa ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari. Muka ce ai zafin ciwo ne, zai wuce. Cikin 'yan kwanaki kuncinsa na hagu ya kumbura, wani wuri ya yi baƙi, daga nan ya huje. Tsofaffi suka ce ciwon iska ne, aka yi ta turare da jiƙe-jiƙe. Sai da Baba ya ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani aka yi masa allurai, ciwon ya tsaya. Ransa ya tsira, amma an bar shi da rami a kunci, kuma da wurin ya warke sai haƙoransa na sama da na ƙasa suka datse, ko tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga.

Shekara biyu Auta bai ci tuwo ba. Kunu da fura mai ruwa Inna take ɗura masa ta gefen baki. Maganarsa kuwa mu 'yan gida kaɗai muke ganewa. Sa'o'insa suka shiga makarantar allo da firamare, shi yana ɗaka ya rufe fuska da tsohon mayafin Inna.

Wata rana ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka suka gan shi, suka ce a kai shi Asibitin Noma da ke Sakkwato. Da na ji sunan sai na zaci asibitin manoma ne. Ashe noma sunan cutar ne, daga wata kalmar Girkanci mai nufin cinyewa. An kafa asibitin a 1999, kuma tun 2014 Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take aiki a ciki tare da hukumomin lafiya, magani kyauta. A can aka bayyana mana cewa cutar ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro. Ba a ɗaukarta daga wani. Idan ba a yi magani ba, tara cikin goma na yaran sukan mutu, alhali idan an gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da tsabtar baki sun isa. Na yi tunani a raina, wato rashin noman gona ne ya jawo mana noman baki.

Lokacin dogon hutu ne, don haka ni na raka Inna. Da farko ba a taɓa shi da wuƙa ba, sai da aka yi makonni ana ba shi madara da abinci mai gina jiki har ya yi ƙwari. Sa'an nan likitocin fiɗa suka yanke tabon da ya ɗaure muƙamuƙinsa, suka rufe ramin da fatar jikinsa. Ranar da aka kwance masa bandeji Inna ta yi ta kuka tana godiya ga Allah. Ni kuma na fara haɗa kayanmu, na ɗauka aiki ya ƙare.

Kashegari aka kai mu ɗakin gashi. Da ina tsammani gashi na masu karaya ne da shanyewar ƙafa kawai. Mai gashin wani mutum ne mai sanyin murya. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, ka taɓa ganin an feɗe akuya?" Na ce, "Na gani, Malam." Ya ce, "Idan an yar da fatar ba a kafe ta ba, me take zama?" Na ce, "Sai ta ƙanƙance ta bushe." Ya ce, "To, haka tabo yake. Yana warkewa yana ja. Likita ya buɗe bakin nan da wuƙa, amma in ba a riƙa miƙa shi kullum ba har watanni masu yawa, zai koma ya datse kamar da."

Ya ɗauko 'yan itatuwa masu faɗi, irin waɗanda likita ke danne harshe da su, kowace kaurinta bai kai milimita 2 ba. Ya jera su bisa juna ya sa tsakanin haƙoran Auta, sa'an nan ya cusa ƙarin guda a tsakiya a hankali. Ya koya mini yadda ake murza kunci da yatsa don tabon ya yi laushi, da yadda yaro zai motsa haɓa dama da hagu. Ya kawo madubi, ya sa Auta yana kallon leɓunansa yana cewa "ba, ba, ma, ma", yana hura iska cikin kofin ruwa da tsinken robar shan lemo har kumfa ta tashi. Yaran ɗakin suka mai da abin gasa. Akwai kuma ma'aikata masu zama da yara suna wasa da zane da su, don su saba da zama cikin mutane ba tare da rufe fuska ba. Ranar da aka sallame mu bakin Auta yana ɗaukar itatuwa 13, aka ce a yi masa sau da yawa kowace rana, aka kuma ba mu ranar komawa.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na rubuta wannan labari. Ni kaɗai na koyi aikin sosai, kuma ina jin daɗin a ce ni ne likitan gida. Ban koya wa kowa ba har hutu ya ƙare na komo makaranta. Inna ta gwada, amma da Auta ya fara kuka sai tausayi ya kama ta. Kaka kuma ta ce, "Ku ƙyale mini angona ya huta, wanga azaba ta isa haka." Aka rage zuwa sau ɗaya a rana, daga baya aka bari sai an tuna.

Da na koma gida hutun tsakiyar zango na ɗauko itatuwan, takwas kawai suka shiga. Na ƙara ta tara, Auta ya yi ƙara ya ture hannuna. Daren nan ban yi barci ba. Na tuna wahalar hanyar Sakkwato, da fargabar da muka sha a mota, da akuyar da Baba ya sayar don guzuri, ga shi duk za su tafi a banza saboda son a yabe ni.

Da safe na tara Inna da Kaka da ƙanwata mai bi mini. Na kawo busasshiyar fatar da Baba ke zama a kai, na maimaita musu maganar mai gashi. Na koya wa ƙanwata aikin daki-daki. Muka ɗaura shi ga lokutan salla biyar don kada a manta, muka riƙa jan layi da gawayi a bangon ɗaki duk ranar da aka ƙara itace guda. Kaka da ta gane, ita ta zama mai riƙe shi a cinya tana yi masa tatsuniya har a gama. Da Auta ya yi ƙorafin tabon fuskarsa sai ta ce, "Kai tafi can! Bagobiri da zane a kunci, mi ne ne abin kunya? Dubi nawa." Da muka koma asibiti aka auna, mai gashi ya ƙara mana wasu dabaru, bai kuwa yi mana faɗa ba. Sannu ba ta hana zuwa: bayan wata shida itatuwa 16 suke shiga.

Ba zan manta ranar da Baba ya dawo daga kasuwar Sabon Birni da tsire ba. Auta ya ɗauki yanka guda ya sa a baki ya tauna, sa'an nan ya ce, "Baba, ƙara mini." Kowa ya ji kalmomin sarai. Baba ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai shigo ba.

Yanzu Auta yana aji biyu a firamare. Ya girmi 'yan ajinsa, wasu haruffa kuma har yau suna yi masa nauyi, amma malaminsu yakan zaunar da shi a gaba, yana ba shi lokaci ya gama magana. Har yanzu ana yi masa gashin safe da yamma.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Amma aikin farko na gida ne. Ina roƙon iyayenmu su riƙa duba bakin ƙananan yara. Idan dasashi yana jini ko baki yana wari, musamman bayan baƙon dauro, a tafi asibiti a ranar. A kai jarirai rigakafin baƙon dauro tun suna wata 9, a saba musu da asuwaki, a riƙa sa wake da gyaɗa da zogale a abincinsu gwargwadon hali. Wanda kuma aka ba ɗansa aikin gashi, na baki ne ko na ƙafa ko na hannu, ya daure da kukan yaro, ya kuma koya wa mutum biyu ko uku a gidan.

Mu ɗalibai kuwa, kowa ka tambaya sai ya ce likita zai zama ko injiniya. Ni dai in Allah ya yarda gashi zan karanta, na kuwa ji ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.