Daƙiƙa goma na ambaliya

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta sa matasan Haɗeja kwana suna jibga buhunan ƙasa a kan jinga, ƙanena ya ƙudiri aniyar yin gajeren fim. So yake ya nuna yadda unguwarmu za ta kasance da jingar ta ɓalle, ko masu gini a hanyar ruwa sa shiga taitayinsu. Kogi ba ya amsa gayyatar darakta, don haka ya ƙera ruwan a Blender, manhajar da ake samu kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da masu sana'ar ke kira renda, wato lissafin da kwamfuta ke yi kafin ta fitar da kowane hoto: ina haske ya faɗa, yaya ya ratsa ruwa, me ya dawo wa ido. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa guda, daƙiƙa goma ke nan hoto 240. Kwamfutarsa ta hannu ce, kowane hoto na cinye mata minti 20. Awa 80 cur, in ba a ɗauke wuta ba, kuma ana ɗaukewa. Ga zafin bazara, wanda ke sa na'urar rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Sai na ba shi labarin Titanic na 1997. A lokacin kwamfutocin Silicon Graphics masu manhajar IRIX ke jan zaren sana'ar, da su aka yi dodannin Jurassic Park a 1993, amma tsadarsu ta kai intaha. Da lissafin teku ya yi wa kamfanin Digital Domain yawa, sai ya jera kwamfutocin DEC Alpha, fiye da ɗari daga cikinsu a kan Linux, wadda ba a biya mata lasisi. A ganina dabarar ta fi ƙarfin injin muhimmanci: da zarar an gama lissafin motsin ruwa, kowane hoto zaman kansa yake, ana iya raba su kamar kunyoyi a ranar gayya.

Gayyar muka yi. Wani abokinsa mai shagon buga takardu da sola ya ara mana kwamfutoci huɗu, muka tashe su da Linux daga filashi, kowacce ta ɗauki hoto 60, muna aiki bayan an rufe shago.

Da muka nuna wa mahaifiyarmu, sai ta ce wannan ruwan wanka ne. Na Haɗeja ja ne, da laka da karan kachalla a kansa. Ƙanena ya sauya launi, ya zuba tarkace, hoto ɗaya ya koma cin minti 35.