Abin da ya sa muke kwana a rediyo kwanakin nan

Da yawanku sun tambaye mu dalilin da ya sa suke jin muryarmu kai tsaye har tsakar dare, lokacin da ordinater ta saba riƙe tashar ita kaɗai. Lafiya lau. Teknisiyan ɗinmu ne ya kwance lojisiyel ɗin da ke jera shirye-shirye, yana sake ɗinke shi, mu kuma muna riƙe aikin da hannu kafin ya gama.

Kun tuna watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke kuran bayan takunkumin CEDEAO. Tun lokacin munka gane raunin tsohon tsarin. Shi jerin umarni yake bi: gama wannan, sa wancan. In kuran ya tafi minti arba'in kafin gurub ya tashi, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba ruwanshi da agogo. In waƙa ce, ba komi. Amma sanarwar jana'iza ta fito bayan an dawo daga maƙabarta fa? Ko a ce manoman fadamar Jiratawa su ji kiran taro bayan an watse? Masu sanarwar kuɗinsu sunka biya, kuma mu ne za mu haɗu da su a kasuwa.

Dabarar da yake bi yanzu ya aro ta daga Kubernetes, wani tsari da Google ya fitar a 2014 don kula da dubban ƙananan lojisiyel, kowane cikin nashi akwati, wanda suke kira kwantena. A cikinshi akwai mai sa ido da bai dogara da tuna abin da ya faru jiya. Kullum tambaya biyu yake yi: mi ya kamata a ce yana gudana yanzu, kuma mi ke gudana? In sun saɓa, ya gyara, ya sake dubawa. Ko an kashe shi an kunna sau goma, da ya farka agogo zai duba da jadawali, ya koma daidai wurin. Sanarwar da lokacinta ya wuce ba zai sa ta ba, zai aje ta gefe, mu gani da safe mu kira mai ita.

Sashe na biyu shi ya fi cin lokaci, mu ma shi ya fi burge mu. A da, wurin da ke yanke shawara da wurin da ke tura sauti zuwa emetar a cakuɗe suke, ba a iya gwada gyara sai a kan kunnuwanku. Yanzu ya raba su. Yana iya ba mai shawarar agogon ƙarya, ya ce mishi: azumi ne, saura minti biyar a sha ruwa, kuran ya tafi, rezo ya yanke, mi za ka yi? Amsar ta fito a allo, ko mutum ɗaya a Tibiri bai ji ba. Duk sanda ya taɓa wani abu, sai ya sake bin gwaje-gwajen nan gaba ɗaya.

Irin wannan aiki wuyar karewa gare shi gaban masu riƙe da kuɗi, don in an gama ba sabon shiri ko ɗaya da za a nuna. Akwai ma abokan aiki da ke cewa a sayi batir da sola a huta. Batir na da amfani, ba musu, sai dai ba ya hana ordinater maƙalewa cikin zafin Afrilu.

Ga inda kuke shigowa. In kun ji wani abu ya fito ba a lokacinshi ba, ko shiru ya wuce minti ɗaya, ku rubuto muna nan ƙasa: ranar, ƙarfe nawa, da garin da kuke saurare. Kowane saƙo teknisiyan zai maida shi gwaji, ya ƙara cikin jerin.