Goro Da Danginsa

Duk wanda aiki ya kai shi unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu, kamar yadda neman labari kan kai ni, ya san ba a raba mutanenmu da faifan goro. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, maƙwabtansu Ibo suna kiran wannan goro namu "oji Awusa", watau goron Hausa, alhali kuwa ba mu mu ke noma shi ba, daga kurmi mu ke saro shi. Namu ɓare biyu ya ke yi. Nasu, irin wanda mu kan kira hannunruwa, yakan yi uku ko huɗu ko fiye, kuma shi su ke fasawa a manyan bukukuwansu.

Masana tsirrai ma sun sha sauya wa goro mazauni. Wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, wanda ya yi yawo a ƙasar Warri da Benin, ya bayyana goron Ibo cikin 1805, ya jera shi cikin jinsin kukkuki. Cikin 1832 Schott da Endlicher suka ware wa goro jinsi nasa, suka ce da shi Cola. Yau an san iri fiye da 100, har da na tsaunukan Bamenda a Kamaru, wanda fataken Hausa suka daɗe suna kaiwa Arewa.

Daga 1998, bayan binciken ƙwayoyin halitta, sai aka rushe tsohon gidan da goro ke ciki, aka haɗa shi gida guda da auduga da kuɓewa da rama da rimi da kuka. Ashe kukar da ke bakin kasuwar ƙauyenmu 'yar'uwar goron kurmi ce, nisan wuri ne ya ɓoye zumuncin.

To, jama'a, masanan nan ba su tsaya ga kama ba, sai da suka bi asali. Mu kuwa, da mun ga bambancin harshe ko tufafi, sai mu yanke hukunci. Ɗan Arewa da ke kasa goro a Anaca yakan kwana da fargaba duk ranar da rikici ya ɓarke a wani gari mai nisa, haka ma ɗan Ibo a Sabon Garin Kano. A ganina, mutanen da su ke tarbar baƙo da goro, ko mai ɓare biyu ne ko mai huɗu, bai kamata su bari baƙon nan ya kwana cikin tsoro ba. Allah ya zaunar da mu lafiya.