Garin Taki da Bokitin Auta

Rubutuna na wannan mako labarin gidanmu ne, kuma sai da na nemi izinin wanda abin ya shafa kafin in fitar da shi. Ba zan ambaci sunansa ba. A gida Auta muke ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

Ni mutumin Bagudo ne a jihar Kebbi. Tun ina sakandare nake zama a shagon mahaifinmu, inda muke sayar da takin zamani da maganin feshi da irin shuka. Yankinmu ƙasar fadama ce. Kogin Neja, wanda muka fi sani da Kwara, ya ratsa ta, kuma idan ka wuce Tsamiya ka shiga Jamhuriyar Benin ke nan, ka nufi Segbana. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman rani ya ƙara ƙarfi a wajenmu, shagon taki ba ya rabo da jama'a har a tsakiyar hunturu.

Wata safiya a Janairun 2020, ina cikin auna wa wani dattijo yuriya a mudu, Auta ya shigo ya tsaya gefe. Sai da mutane suka ragu ya matso ya ce, "Yaya, shuka guda ɗaya a cikin bokiti, taki nawa ake sa mata?"

Ban iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Yaron nan tun tasowarsa ba ya son gona. In Baba ya ce a tafi fadama, ranar ciwon kai ke kama shi. Yau ga shi da ƙafarsa yana tambayar taki. Na jawo masa benci na buɗe masa karatu, kamar wanda aka ba lasifika.

Na nuna masa buhun kamfa na ce ya dubi lambobin da ke jiki, 15-15-15. Na farko naitirojin ne mai sa ganye ya yi kore shar, na biyu fosfaras mai taimakon saiwa, na uku fotashiyam mai ƙarfafa shuka. Na nuna masa farar yuriya mai naitirojin kashi 46 cikin 100. Sannan na gaya masa abin da Baba ya daɗe yana gaya wa manoma: kamfa dangin gishiri ne. In ya yi yawa a ƙasa, maimakon saiwa ta sha ruwa, sai ƙasar ta riƙa janye ruwan da ke jikin saiwar, shuka ta mutu da ƙishirwa alhali ƙasarta a jiƙe take. A gona da sauƙi, ruwan sama ko na ban-ruwa yana wanke wani abu. A bokiti kuwa duk abin da ka zuba yana nan, ba shi da wurin zuwa. Na ce masa, "Ɗan abin da yatsunka za su tsinta ya isa. Kada ka cika hannu."

Akwai abin da muke kira garin taki. Buhu mai kilo 50 in ya sha ɗauka da saukewa, ƙwayoyin da ke ƙasa sukan murƙushe su zama gari. Manoma ba su cika son sa ba, saboda iska na kwashe shi wajen watsawa, kuma yana manne wa ganye ya ƙona shi. Mukan tara shi mu sayar da araha ga masu 'yan lambuna a bayan gida. Na ƙulla masa a leda na ce ya tafi, kyauta. Na yi masa bayanin kusan rabin awa, amma tambaya ɗaya ban yi ba: wace shuka ce?

Kafin in ci gaba, bari in faɗi halin da Auta yake ciki a lokacin. Ya gama sakandare bai samu gurbin karatu ba, sai ya kama kabu-kabu da babur ɗin wani maƙwabcinmu. Yana ɗaukar fasinja da kaya zuwa Tsamiya da ƙauyukan bakin iyaka, wani lokaci ya dawo da sefa a aljihu yana yi mana burga. A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Masu zirga-zirga suka ragu, mai ya yi tsada, mai babur ya karɓe abinsa. Auta ya koma zaman majalisa daga hantsi har dare. Duk muna gani. Kowa a gidan yana cewa a ransa, in an buɗe boda zai koma aiki.

Bayan kamar mako uku da zuwansa shago, Inna ta aike ni ɗakinsa da ke kusa da zaure, wai in ɗauko mata tabarmar baƙi. Ba ya nan. Na ɗaga labule, sai ga bokitin fenti a gindin taga, an kāre shi da kwali ta yadda mai leƙowa daga ƙofa ba zai gani ba. Shukar ta kusa kai gwiwata, ganyenta a rarrabe kamar yatsun hannu. Ina tsaye sai ga shi ya shigo. Ya yi turus, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, "Rama ce, Yaya."

Ba laifi, ya iya zaɓen ƙarya. Ganyen rama yana kama da na wiwi sosai, har masana tsirrai suka raɗa mata suna Hibiscus cannabinus saboda wannan kamar. To amma ni a cikin rama na tashi. Karanta yana da ƙaiƙayi, ganyenta in ka tauna tsami gare shi. Kuma wa ke ɓoye rama a bayan kwali, a garin da take fitowa a bayan kowane gida? Na murza ganye ɗaya a yatsuna, warin ya gaya mini sauran. Na ce, "To, Allah ya raya." Na ɗauki tabarma na fita.

Daren nan ban yi barci ba. In na gaya wa Baba, ga hawan jini, ga zuciya. Na san zai iya cewa Auta ya bar masa gida, kuma yaron da aka kora daga gida a garin bakin iyaka, Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa. In na yi shiru, ga doka. Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ba ta ɗauki shuka wiwi da wasa ba, hukuncinsa na iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai, kuma bokitin nan a gidan Baba yake, ba a gidan Auta ba. Hanya ta uku ita ce in zaunar da shi mu yi magana. Ita ce mafi dacewa, kuma ita na fi jin tsoro. Tsakanina da shi shekara tara ne. Ban taɓa yi masa wata magana da ta wuce aike da faɗa ba.

Sai na ƙirƙiro hanya ta huɗu. Washegari da ya fita, na shigo da garin taki a aljihu. Na tona ƙasar bokitin, na zuba cikin hannu biyu a gindin shukar, na rufe, na yayyafa ruwa kaɗan. Abin da na gargaɗe shi kada ya yi, shi na yi da hannuna. Cikin 'yan kwanaki bakin ganyen ya fara ƙonewa, ya nannaɗe, ya koma ruwan ƙasa. Kafin mako ya zagayo shukar ta sunkuya ta bushe. Na ji kamar na yi wata babbar dabara. Ba faɗa, ba tonon asiri, Baba bai ji ba, maƙwabta ba su ji ba.

Ran nan sai ga Auta a shago. Ya zauna a bencin nan dai, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaya, shukar nan ta mutu. Kuma wallahi yadda ka ce haka na yi."

Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Ka dai cika hannu."

Ya girgiza kai, ya yi shiru, sannan ya ce a hankali, "Ni dai komai na taɓa sai ya lalace."

Ya tashi ya fita. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Yaron da karatu ya ƙi, sana'a ta ƙi, abu ɗaya da ya raina da hannunsa har ya girma, ko da mugun abu ne, na kashe shi a ɓoye kuma na bar shi yana zargin kansa. Wiwin da yake sha kuwa bai ragu da ko ɗaya ba. Idanunsa na nan jajir da yamma. Na kashe maciji ban sare kansa ba.

Inna ce ta warware ni. Wani dare ina cin tuwo a ɗakinta ta ce, "Ranar da na aike ka ɗaukar tabarma, me ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Ta ce, "Shekara arba'in ina kwaɗa rama, kana zaton ban san wadda ba ita ba? Tabarma biyu ce a ɗakina ranar. Na aike ka ne ka yi magana da ɗan'uwanka, kai kuma ka je ka yi magana da bokiti."

Bayan kwana biyu na ce Auta ya raka ni fadama kai wa wani manomi taki. Da muka sauke, na ce mu zauna a gindin wata bishiya. Ban fara da laifinsa ba, na fara da nawa. Na gaya masa ni na zuba takin, kuma shi bai yi kuskuren komai a awonsa ba. Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ɓacin rai irin wannan a fuskarsa ba. Ya ce da na mare shi a gaban mutane da ya fi masa sauƙi. Na bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, domin yana da gaskiya.

Da ya huce ya fara kare kansa. Ya ce a waya ya ga Turawa suna shukawa a ɗakunansu, kuma a Kanada doka ta yarda. Na ce haka ne, tun Oktoba 2018, amma mu a Bagudo muke, kuma ko doka ta yarda, shi ya fi kowa sanin yadda ya koma a watannin nan. Sai a lokacin gaskiyar ta fito. Bashi ake bin sa. Wanda ke sayar masa ya fara cewa in ba zai iya biya ba, to ya riƙa kai masa saƙo ƙauyuka, tunda ya san hanyoyin daji daga zamanin kabu-kabu. Auta ya ji tsoro. Wautarsa ta nuna masa cewa in ya shuka nasa, ya rabu da mutumin. Wato bokitin da na ɗauka shi ne matsalar, a wurinsa hanyar gudu ce. Da na tsaya a kan dabarata, da ban taɓa sanin cewa saura ƙiris ƙanena ya zama ɗan aiken dillali ba.

Na biya bashin daga kuɗina. Ni da Inna muka sami Baba muka gaya masa a hankali. Ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwar Auta, a na huɗu ya ce ya riƙa zuwa shago. Ba zan ce muku daga ranar komai ya gyaru ba, don ƙarya ne. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Akwai watan da sai da muka kai shi ganin likita a Birnin Kebbi saboda rashin barci. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan. Da na ga adadin na gane gidanmu ɗaya ne cikin gidaje masu yawa, kuma a mafi yawansu akwai wani yaya da ya gani ya kau da kai kamar yadda na yi.

Yau Auta ne ke riƙe da littafin shago, kuma shi ke rainon irin tattasai da albasa da muke sayar wa masu lambu. Ashe hannunsa yana da albarkar shuka. Bokitin fentin yana tsakar gida, Inna ta shuka na'ana'a a ciki. In mai saye ya zo neman garin taki don shuka guda ɗaya, nakan ji Auta yana tambaya, "Wace shuka ce?" Wani lokaci sai ya waiwayo ya dube ni, mu yi dariya.

Abu ɗaya zan ƙara saboda mu masu koyon rubutu. Sau biyu na rubuta wannan labari kafin yau. A duka biyun na cire wurin da na zuba takin, na nuna kaina a matsayin yayan da ya gano ɓarna ya yi nasiha. Da na ba Auta ya karanta, sai ya ce, "Ya yi daɗi, amma wannan mutumin ban san shi ba." Shi ya sa na mayar da wurin, ko da yake shi ne ya fi ba ni kunya.

Ina maraba da gyara, musamman a kan tsayin gabatarwar. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ƙarfin halin yi wa namu magana tun da sauran lokaci. Amin.