Mi Ya Koro Su?



Wani yammaci muna zaune a bakin shagon cajin waya a Gummi, mu huɗu 'yan Gwashi da zaman birni ya haɗa, sai ɗayanmu ya miƙo waya ya ce mu zo mu ga ikon Allah. Bidiyo ne na wasu mutane, maza da mata, suna gudu a kan wata siririyar turba a gefen tsauni. A ƙasansu tafki ne shuɗi, ruwansa garau, a samansu kuma ƙanƙara ce fara fat. Kowa ya goya 'yar jaka, wasu na dogara sanduna biyu, numfashinsu na fita kamar hayaƙi saboda sanyi.

Kawun ɗayanmu ya zo karɓar wayarsa, sai ya leƙo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mi ya koro su?" Muka ce, "Kawu, babu abin da ya koro su. Wasa ne, har kuɗi suke biya kafin a bar su su shiga." Muka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya sa wayarsa a aljihu ya ce, "Ashe ƙasassu lahiya take." Daga nan dariyar ta ɗauke.

Mun koma mun karanta labarin wannan wasa. Gudu ne na dogon zango, amma maimakon kwalta, turbar daji da duwatsu ake bi. Mafi shahara a cikinsa shi ne wanda ake yi a ƙarshen watan Agusta kewaye da tsaunin Mont Blanc, wanda aka fara a 2003. Ana tashi daga garin Chamonix na Faransa, a ratsa Italiya da Siwizalan, a dawo inda aka fara. Nisan ya kai kilomita 170, kuma in aka haɗa hawan da ake yi zai kai mita 10,000. Gwanaye kan gama cikin awa 20 ko kusa da haka, sauran kuwa har dare biyu suke yi a hanya. A wuraren da suka fi tsayi, sama da mita 2,500, iskar da mutum ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ƙato kan koma yana haki kamar wanda ya yi jinya. Tafkunan da ake gani kuwa, irin na Champex da ke kan hanyar, aikin ƙanƙara ne: shekaru dubbai tana zamewa a hankali tana ƙwaƙule dutse, da ta narke sai ruwa ya zauna a ramin da ta bari.

Ko a Najeriya an taɓa irinsa. A 2005 gwamnatin Kuros Riba ta fara tseren hawan tsaunin Obudu, kimanin kilomita 11, wanda ya zo na ɗaya ya tashi da dala 50,000.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne jerin kayan da ake wajabta wa kowane ɗan tseren Mont Blanc: rigar ruwa, ruwan sha, waya, tocila biyu, da usur. Tocila don ya ga hanya kuma a gan shi, usur don in ya faɗi ya busa a zo a ɗauke shi. Mu ma mun yi gudun dare a daji, kuma dokarmu ta farko ita ce a kashe tocila. Ta biyu a kashe waya. Ta uku, mai goyo ta ba jariri nono tun kafin ya buɗe baki. Su duk shirinsu na a gano inda suke ne, mu kuwa addu'armu kada a gano.

Duk wanda ya fito daga yammacin Zamfara ya san abin da muke nufi. Wanda ya ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ba sai an fassara masa kalmar gudu ba. Mun ga tsofaffin da ko masallaci sai da sanda sun kwana suna ratsa gonaki. Babu wanda ya auna nisan, babu wanda ya ba su lambar yabo. A bakinmu yanzu gudu na ceton rai ne ko na hijira, shi ya sa tambayar Kawu ba ta wauta ba ce.

Sai dai ba haka muka taso muka tarar ba. Da muka sake haɗuwa da Kawu, shi da kansa ya tuno mana da farauta. In an gama kaka, rani ya shigo, sai a buga ganga, samari su fita da karnuka da gora da sanduna. A wuni ana bin zomo da gada a guje, a tsallake kwazazzabo, a kutsa ƙaya, a dawo da almuru ƙafa ta yi futu-futu. Ya ce a lokacinsu ana sanin saurayi da ƙafarsa, kuma wanda ya riga kowa cimma nama sai an kwana ana zancensa a dandali. Mu ma mun riski ƙarshen abin. Mun yi langa a farin wata, mun yi tsere daga makaranta zuwa rafi, wanda ya zo na ƙarshe shi zai riƙe wa kowa riga. Ba mu da ƙanƙara, ba mu da tsauni kamar nasu, amma muna da fadama da tafkunan da damina ke cikawa, da turbar da ke haɗa wannan ƙauye da wancan.

Ita wannan turba ce muka rasa, kuma ba a cika lissafa ta cikin asara ba. Ana ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa, kuma ya kamata a ƙirga. Amma hanya ma mutuwa take yi. In aka shekara biyu ba a taka ta ba, ciyawa ta rufe ta. Ƙannenmu da suka yi wayo a gudun hijira ba su san sunan tsamiyar da ake hutawa a ƙarƙashinta ba, ba su san mashigin da ake ƙetarewa in ruwa ya kawo ba. Daji a wurinsu wurin da ake kai mutum ne a ɗaure.

Bayan wannan hira muka ce mu ma bari mu gwada. Muka yi shawarar fita gudu bayan sallar asuba, cikin gari kawai. Ba mu yi nisa ba sai muka ji ana buga ƙofofi. Wata dattijuwa ta fito da jikanta a hannu, ko mayafi babu, tana tambaya, "Sun shigo ne?" Kunya ta kama mu. Muka durƙusa muka ce, "Inna, ki yi haƙuri, motsa jiki muke yi." Ta dube mu ta ce, "Ɗiyana, ku ji tsoron Allah, ba a gudu da asuba a wannan zamani." Gaskiyarta. Laifinmu ne da ba mu yi tunani ba.

Ba mu fasa ba, amma mun gyara. Mun je mun sanar da mai unguwa, mun mayar da abin filin makaranta, kuma sai rana ta fito muke farawa. Yanzu yara kan biyo mu suna dariya. Ranar da muka fara jin wannan dariyar a bayanmu, ɗayanmu sai da ya tsaya ya share ido.

Ga roƙonmu gare ku, musamman 'yan uwa na Anka da Gummi da Bukkuyum. Kowa ya zauna da wani dattijo na gidansu, ya tambaye shi hanyar ƙafa daga garinsu zuwa kasuwa mafi kusa: ina ake bi, wace bishiya ake wucewa, wane rafi, me ake kiran kowane wuri. A rubuta, a ajiye. Ba ma cewa kowa ya shiga daji yanzu, rai ya fi komai. Amma in Allah ya kawo sauƙi, za a buƙaci wanda ya san inda hanya take. Mu dai burinmu wata rana mu shirya tsere daga Gwashi zuwa Bukkuyum, samari su fita a guje da safe, mata su leƙo ta katanga suna guɗa, ba wadda ta ɗauki ɗanta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka faɗi a hanya. Amin.