Ranar Da Na Ji Da Kunnena Na Kuma Yi Shiru

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya tashi a Bungudu ya san cewa labari kan biyo titin Gusau zuwa Sakkwato ya iso mana tun kafin rediyo ta faɗa. Haka labarin Talata Mafara ya same mu a watan Agustan 2016, a bakin direbobi da fasinjoji. An zargi wani ɗalibi na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da furta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka rufe shi da duka, sai wani bawan Allah ya ɗauke shi ya kai shi asibiti. Da taron ya rasa ɗalibin, sai ya juya kan gidan wanda ya yi taimakon, aka cinna masa wuta. Mutum takwas suka rasu, kuma ba su ne ake zargi da maganar ba. Hukuma ta sa dokar hana fita a garin.

A majalisarmu ta bakin titi an kwana biyu ana maimaita zancen. Wani dattijo da ke sauraronmu ya tambaye mu, shin me yaron ya ce? Muka dubi juna. Kowa ya ji ne daga wanda ya ji daga wani. Wannan tambaya ta tayar mini da wani abu da na daɗe ina dannewa, shi ne dalilin wannan rubutu.

Lokacin da nake ɗalibi a wata babbar makaranta, mukan yi ta'alimi a masallacin ɗakunan kwana bayan sallar Magariba. Wata rana ana karatun haddi, sai wani abokin karatunmu, mai yawan tambaya, ya ɗaga hannu. Ya ce, Malam, a shekarar 2000 an yanke hannun wanda ya saci saniya a jihar nan, to me ya sa ba mu taɓa jin an hukunta wanda ya kwashe dukiyar jama'a ba? Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ina zaune kusa da shi. Malamin ya ba shi amsa gwargwadon saninsa, aka tashi. Kafin sallar Isha'i maganar ta koma cewa yana sukar shari'a. Washegari da safe aka ce ya ce babu adalci a Musulunci. Zuwa Azahar kuwa har da masu rantsuwa cewa ya zagi addini, alhali ko masallacin ba su shiga ba a daren.

An zo an same ni a ɗaki, aka ce ai kana wurin, me ka ji? Na ga idanunsu, na ji tsoro. Na ce ban ji sosai ba, hankalina yana wani wuri. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. A daren nan wasu suka fitar da shi ta bayan makaranta a kan babur, bai sake kwana a cikinmu ba har muka gama. Ba a zubar da jini ba, alhamdulillahi, amma ba da taimakona ba.

Kada mai karatu ya zaci ina kira ne ga a sakar wa harshe linzami. Babu al'ummar da ta yi haka. Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda zaman lafiya da tarbiyya da haƙƙin wasu. Faransa da ake buga misali da ita ta yi doka a 1990 wadda ke hukunta mai musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Kowa yana da abin da ba ya yarda a taɓa. Mu kuwa addininmu ya kafa wa harshe shinge tun kafin a san da tsarin mulki. Ya hana giba da annamimanci, ya yanka bulala tamanin ga mai ƙazafi, har ma Suratul An'am ta hana mu zagin abin da mushrikai ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Martabar Annabi (SAW) kuwa ta fi mana rayukanmu, kuma ɗalibin da ya zauna cikin Musulmi ya wajaba ya san haka ya kiyaye.

Abin da muka manta shi ne, wanda Ya kafa wa harshe iyaka Shi ne Ya kafa wa hannu. Suratul Hujurat ta umurce mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ta faɗi dalili, kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ake karantawa a garuruwanmu duk watan azumi, a kashinsa na huɗu ne ya yi bayanin hukuncin wanda ya taɓa martabar Annabi (SAW). Hukunci ne mai tsanani, ba na ɓoyewa. Amma wanda ya zauna ya saurari wannan kashi zai ji ana maganar lafazin da aka furta, da shaidu, da abin da alƙali zai yi idan shaida ba ta cika ba. Mawallafin kansa alƙali ne, kuma da alƙalai da shugabanni yake magana. Ko a 2002, da mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya halatta jinin 'yar jaridar ThisDay Isioma Daniel, ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam ta fito ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba da fatawa. Idan an faɗa wa mataimakin gwamna haka, ina ga ɗan aji biyu da ke riƙe da dutse?

Duk da haka abin ya sake faruwa. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, kan wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. Babu alƙalin da ya saurari maganar, babu wanda ya ba ta damar kare kanta.

Akwai wani abu a tarihinmu da nake mamakin yadda ba mu cika tuna shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami a ranar Babbar Sallah, wajen 1788, ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Abubuwa biyar ya nema, na farkonsu a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, na biyu kada a hana wanda ya so amsa kiran. Watau izinin magana da izinin saurare. Daga baya Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, kuma mun san inda wannan hani ya kai Gobir. Mu jikokin wannan jama'a, bai kamata a ce mu ne masu toshe bakin mai tambaya ba, musamman tambayar da ta shafi zalunci, domin irinta ce Shehu ya yi ta yi wa sarakunan zamaninsa.

Makaranta kuwa don tambaya aka gina ta. Ɗalibin da ya ga an kori abokinsa saboda tambaya ba zai daina shakka ba, sai dai ya daina faɗa wa malam, ya ɗauki wayarsa ya tambayi wanda bai san Allah ba. Na ga haka da idona bayan tafiyar abokinmu. Ta'alimi ya ci gaba, masallaci yana cika, amma idan malam ya ce akwai mai tambaya, sai a yi tsit.

Bara na haɗu da shi a tashar mota a Tsafe, yana hanyar Funtuwa. Ya gane ni kafin in gane shi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya saya mini ruwa. Bai tayar da maganar ba, ni ma na yi ta juya ta a baki har motarsu ta cika. Na karɓi lambarsa, tana cikin wayata, kuma har yau ban kira ba.